Simintin Zumuntar Mata

Makarantar 'yata tana can kudu da garin Clinton a Amurka, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. In ka bar babban titi sai ka bi wata siririyar hanya mai lanƙwasa, ka wuce tsofaffin rumbunan taba da aka daina amfani da su, ka wuce gidan wani mai sayar da ƙwai, sannan ka ga ginin. Da can ɗakin taron manoma ne. Irin makarantun nan ne da gwamnati ke ɗaukar nauyin karatun yara amma ta bar wa iyaye da kwamitinsu tafiyar da sauran al'amura. In kuna son ƙarin gini, ku nemo da kanku.

Ba sha'awar ƙauye ce ta kai ni can ba. Ni da na baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna da ƙyar, ban zo Amurka neman warin kashin shanu ba. Babbar makarantar unguwarmu ce ta kusa mayar min da yarinya bebiya. Shekara guda tana zuwa tana dawowa ba ta da ƙawa ko ɗaya. Abincin rana yadda na zuba haka yake dawowa, in na tambaye ta me ya faru sai ta ɗaga kafaɗa. Da ƙuri'ar ɗaukar ɗalibai ta faɗo mata a wannan ƙaramar makaranta, ba a daɗe ba ta fara cika min kunne a mota: wace ce ta yi faɗa da wa, wace kazar makaranta ce ta yi ƙwai, wane malami ne ya zame a taɓo. Nakan taso daga aikin asibiti kaina na sarawa, in ce a raina, yi ta yi, 'yar nan, kada ki daina.

Sai dai makarantar a aji biyar ta tsaya, don ɗakuna sun ƙare. 'Yata kuwa tana aji huɗu. In ba a ƙara gini ba, tana gama aji biyar za ta koma cikin irin taron da na ciro ta. Wannan tunanin kaɗai yakan hana ni jin daɗin abinci.

Shugabar makarantar wata doguwar mata ce baƙar fata, 'yar asalin yankin, da ke yawo da takalmin roba na gona ko da ranar taro ne. Ta tara iyaye ta nuna mana zanen sabon ginin. Ta ce banki ya yarda ya ba da rancen babban kaso, amma sai ya ga mutanen yankin sun sa hannu da gaske. Ta ce an sayar da kek, an wanke motoci, an yi gudun yara, duk abin bai kai ko'ina ba. Manoma da masu ƙananan sana'o'i na kewaye kuwa, duk wanda aka je wurinsa sai ya ce in an fara a gaya masa.

Ina zaune raina na ɓaci. Da kek za a gina aji? A wurinmu in za a yi ginin coci ko makaranta, ba wanda ke miƙa wa kwamiti kuɗi a ambulan, don kowa ya san halin kwamiti. Mutum yakan miƙe a gaban jama'a ya ce shi siminti zai kawo, wani ya ce kwanon rufi, wani tifar yashi, gwauruwar da ba ta da komai ta ce ita za ta ɗebo ruwa. Mako na zagayowa ka ga kaya jibge a fili, kowa ya san abin da ya kawo, kowa kuma yana iya zuwa ya taɓa shi.

Ranar Lahadi bayan sujada na tare shugabar zumuntar matan cocinmu. Dattijuwa ce 'yar Filato, gajera, mai murya kamar ta ƙato, kowa Mama yake ce mata har da fasto. Na durƙusa na gaishe ta, na fara dogon bayani a kan makarantar.

Ta katse ni. "Gini ne ko ba gini ba?"

"Gini ne, Mama."

"Na 'yarmu?"

"Eh, Mama."

"To, me kike ta zagaye-zagaye? Bar min."

Kafin mata su watse ta tsayar da su. Wannan ta ce buhun siminti kaza, a yi guɗa, waccan ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Wata ta yi alkawari da sunan mijinta yana can waje yana dumama mota, bai san an ɗaure shi ba. Ni kuma ina gefe ina murmushi har kunne. Na yi shekaru a ƙasar nan ina ganin ana harhaɗa gidaje da katako a bakin hanya, amma bai taɓa zuwar min ba cewa makaranta ma haka ake yin ta. A kaina makaranta bulo ce da siminti, kuma duk matan da ke ɗakin haka take a kansu.

Ranar Asabar muka haɗu a babban shagon kayan gini. Yaran shagon suka yi ta loda mana buhuna suna tambaya ko wurin wanka za mu gina. Muka kama hanya a jere, motocin kai yara makaranta da na zuwa aiki, kowace bayanta ya zauna har tana neman shafar kwalta. Matan sun ci anko na zumunta, sun ɗauro kallabi, wata ta rungumo tulun kiɗa a cinya. Muna isa maza suka hau saukewa a gaban makarantar daf da hanya, mata kuma suka ja layi suna waƙa suna rausaya. Mama ta ɗora hannu a kan tulin simintin ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙa wa ginin ƙarfi, ta roƙa wa yaran da ba a haifa ba tukuna ilimi.

Shugabar makarantar ta fito daga wajen kejin kaji, da bokiti a hannu. Na yi mata waya tun farko cewa mutanena za su kawo gudummawa, amma ban ce ta me ba, don ina son ta ga abin mamaki. Ta kuwa gani. Ta ajiye bokitin, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta gaisa da kowa, ta yi godiya har ta gaji. Sannan ta ja ni gefe ta rage murya.

Ta ce ginin na katako ne, rabinsa ma a masana'anta za a haɗo shi a kawo a kan manyan motoci. Kankaren harsashi kuwa ɗan kwangila ne zai kawo a kwaɓe cikin motarsa, kuma doka ba ta yarda a zuba na iyaye a ciki ba.

"Ko buhu ɗaya?" na tambaya.

"Ko ɗaya."

Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi ya biyo baya. Na ji haushinta, na ji haushin ɗan kwangilar da ban taɓa gani ba, na ji haushin ƙasar da za ta zuba yara a cikin akwatin katako ta kira shi aji. Mata ne masu aikin tsaye, wasu a gidajen kula da tsofaffi, suka tsakuro daga guminsu saboda ni. Na ce mata ba komai, rasit na hannu, za mu mayar shago a karɓo kuɗin a ba ta.

Ashe Mama na bayana. "A mayar da me?"

Na yi mata bayani ina sunkuyar da kai.

"Simintin da na yi wa addu'a ba zai koma shago ba," in ji ta. "Ke ma kin san haka. Mun kawo, mun sauke. In ba za su yi gini da shi ba su zuba masa ido."

Ta juya ta faɗa wa shugabar makarantar da Turanci, ba ta rage ko kalma ba. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Matan nan biyu suka tsaya suna kallon juna, doguwa da gajera, ba mai niyyar ja da baya.

Ana cikin haka wata tsohuwar akori-kura ta rage gudu ta tsaya. Wani dattijon Bature mai hular rana ya leƙo, ya dubi tulin siminti, ya dubi mata masu anko, ya kira shugabar makarantar da sunanta.

"Kun fara ke nan?"

Ta dubi tulin simintin. Sannan ta ce, "Kaya dai sun fara isowa."

Ya gyaɗa kai, ya ce zai leƙo ranar Litinin, ya ja motarsa. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta ce min wannan mutumin sau nawa tana zuwa har gonarsa da zanen gini, ko kujera bai taɓa ba ta ba. Sai ta fashe da dariya, ta ce kada wanda ya taɓa ko buhu ɗaya. Ta sa aka nemo katakai aka ɗora buhunan a kai saboda danshi, aka lulluɓe da shuɗiyar tamfol, amma ta ce a bar gefe ɗaya a ɗage yadda mai wucewa zai gani. Zanen ginin da ke rataye a ofishinta ta ciro ta kafa a allo kusa da tulin.

Mama ta dube ni ta ce, "Wannan matar tana da kai. 'Yar wace coci ce?"

Dattijon ya zo ranar Litinin kamar yadda ya ce. Yana da motar tono, ya ce share fili da haƙa nasa ne. Bayan shi mai sayar da ƙwai ya zo, sai wani mai aikin lantarki da jikarsa ke aji biyu, sai wata ƙaramar coci da ke gaba da makarantar. Ba wai suka yi tururuwa ba. Wani mako a ji motsi, wani mako shiru. Amma duk wanda ya bi hanyar yana ganin shuɗiyar tamfol, kuma maganar ta daina zama ko za a yi, ta koma yaushe za a gama. Da ruwan saman lokacin sanyi ya matso, wani manomi ya ba da rumbun tabarsa aka kwashe simintin aka adana.

Banki dai ya ja mana rai. Muka shiga sabuwar shekarar karatu, 'yata ta shiga aji biyar, ba amsa. Wata rana a mota ta yanke labarin da take ba ni ta ce, "Mummy, in ba su gina ba, zan koma can?" Na ce mata mu dai yi addu'a. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka isa gida, kuma wannan shirun ya tsorata ni fiye da komai a shekarar.

Ana fita daga sanyi amsa ta zo. An yarda. Na karanta saƙon ina bakin aiki, na shiga ɗakin ajiye magani na yi rawa ni kaɗai. A hutun ƙarshen shekara manyan motoci suka kawo bangaye a haɗe, aka tsayar da su cikin 'yan kwanaki, abin da har yau bai kwanta min ba. Simintinmu kuma ya samu aiki daga ƙarshe. Tsakanin tsohon gini da sabo akwai wani kwari da ke riƙe ruwa, sai aka nemo izini iyaye maza suka zuba hanyar kankare a kai. Wasu buhunan sun riga sun daskare, mijina ya yi ta ƙunƙuni, na ce ya yi da wanda ya rage.

Ranar buɗewa zumunta ta dawo da ankonta, da kuloli cike da dafa-duka da gwate. Mama ta shiga sabon ginin tana dube-dube. Ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya ba da wata irin ƙara ta fanko. Ta sake ƙwanƙwasawa.

"Wannan ai kwali ne," ta ce. "In iska ta taso fa? Ke, zo nan. Ina simintinmu?"

Ina riƙe da kular shinkafa da hannu biyu, na buɗe baki zan fara kame-kame. Sai 'yata ta riga ni. Yarinyar nan tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma ba ta tunkarar babba sai an tura ta. Ta zo ta kama hannun Mama ta ja ta har waje, ta tsayar da ita a tsakiyar hanyar kankaren.

"Kaka, ga shi," ta ce. "Ki taka."

Mama ta duba ƙasa. Ta buga ƙafa sau ɗaya, ta sake bugawa da ƙarfi har kallabinta ya motsa.

"To," ta ce. "Wannan dai gini ne."

'Yata ba ta saki hannun ba. Ta sake jan ta ciki, zuwa ɗakin da aka rubuta aji shida a ƙofarsa, wai sai ta nuna mata inda za ta zauna. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin muryarta daga ciki, rabi Hausa rabi Turanci, tana bayanin taga da allo da wadda za ta zauna kusa da ita, Mama na ta cewa to, to, ba ta samu wurin sa baki ba. Daɗi ya cika ni har hawaye suka zubo. Kula na hannuna, ban samu hannun sharewa ba, haka na bar su.