Taku huɗu zuwa bakin rijiya

Ƙasar lambunmu a kwarin Guci munafuka ce. Sama baƙa, mai tauri kamar daɓe, kaurin kamu ɗaya. Ƙarƙashinta kuwa farin rairayi ne zalla, ba ya riƙe komai. Muddin saman a bushe yake, zai ɗauki kansa. In ya sha ruwa sai ya yi nauyi, rairayin ya fara zarewa a hankali, abu kaɗan ya isa ya kawo shi ƙasa gaba ɗaya.

Shekarar da nake faɗi, ruwan ƙarshen damina ya zo a makare, bayan mijina ya riga ya haƙa rijiyar ban-ruwa gaba biyu da rabi. Na ce ya bari ƙasa ta sha iska. Ya ce irin albasa ba ya jira. Mutum ne da in ya sa kansa abu, gara ka yi magana da turmi.

Da hantsi ya shiga, ni ina jan guga daga gefen yamma, inda ya shimfiɗa itace. Kafin ya sauka ya nuna mini wata tsaga siririya a gefen gabas.

"Ko akuya kar ki bari ta taka nan," in ji shi.

Ina ja ina jin rairayi na zuba masa a baya, shuu, ya tsaya, ya sake.

Can na hango surukina, mahaifinsa, ya fito daga cikin rake ta gabas da sandarsa. Dattijo ne mai jiki, kuma ba ya yi wa mai aiki sannu daga nesa, sai ya zo kansa ya leƙa. Ni kuma shekara shida da aure ban taɓa fara yi masa magana ba. In mun haɗu durƙusawa nake, ido a ƙasa, in amsa abin da ya tambaya.

Na buɗe baki, murya ta ƙi. Na ce a raina zai ga tsagar. Ya yi taku ɗaya. Na yi gyaran murya, bai ji ba. Na biyu. Na ɗaga hannu, ya ɗauka gaisuwa ce, ya gyaɗa kai. Na uku. Yana ɗaga ƙafa a na huɗu na kwarma ihu.

"Baba, tsaya! Koma baya!"

Ya tsaya cak, amma a kan tsagar. Ƙasa ta yi wani gunji ƙasa-ƙasa, gefen ya tafi. Shi ya faɗi da baya ya tsira. Mijina kuwa wani ƙaton ɓangare na baƙar ƙasa ya sauka a gwiwarsa, rairayi ya rufe shi har ƙirji.

Masu lambuna suka sheƙo, aka tone shi da hannu da ƙwarya, don an ji tsoron sa shebur. A sharet, wato amalanke, aka kai shi likita. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafar hagu ba ta sake lanƙwasuwa ba.

Mutane sun yi ta yabona, wai ihuna ne ya hana dattijo faɗo wa ɗansa a ka. Surukina ma ya sa mini albarka a gaban jama'a. Na sunkuyar da kai na amsa. Haushin kaina nake ji har yau, kuma ban taɓa gaya wa mijina cewa tun daga bakin rake na ga mahaifinsa ba.