Agogon Raisa Mai Hatimi Sha Bakwai

A garin Rivne, in ka ambaci Raisa Onufrivna, tsofaffin unguwar masana'anta sai su tambaye ka, "Wacce? Sha Bakwai?" Lambar hatiminta ke nan. Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin duba kaya na masana'antar fitilu, kuma har yau da take da saba'in da huɗu, in ka miƙa mata kofin shayi sai ta ɗaga shi sama ta duba ko da tsaga kafin ta kai baki.

Fitilun ba na haska ɗaki ba ne. 'Yan kwalabe ne na gilashi, tsawon babban yatsa, a cikin kowace an jera lambobi goma na siririyar waya, daga sifiri zuwa tara, wata a bayan wata. Wadda aka ba wuta sai ta yi jawur kamar garwashi, sauran su yi lamo. Aikin Raisa shi ne ta ɗora fitila a kan na'ura, ta kunna lambobin nan goma bi da bi, ta duba kowace da gilashin ƙara girma, in babu aibu ta buga mata hatimi. Rabin minti ya ishe ta. Daga nan a kwashe su zuwa sikeli da injinan awo da wasu wuraren da ba a tambaya. Abin alfaharinta a duniya guda ne, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ita a bas ya ji shi: a shekara goma sha tara ba a taɓa dawo da fitila mai lamba sha bakwai ba.

Zamani ya juya, aka daina yin fitilun, ragowarsu suka yi ta shan ƙura a sito-sito. Ana nan sai ga wani sabon yayi, wai mutanen Jamus da Japan suna neman agogon da aka haɗa da su, suna kuma saye da tsada. Cikin masu haɗawa a garinmu akwai Ostap, ɗan wata marigayiya da suka yi aiki tare da Raisa, mutum mai sanƙo da sanyin baki wanda ya mai da garejinsa wurin aiki. Shi yake fere katakon, shi yake liƙa wayoyin, agogo ɗaya kan ci masa mako biyu.

Ranar da Raisa ta fara ganin agogon a garejin, ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Dubban dubban fitilu sun bi ta hannunta, amma ba ta taɓa ganin guda shida a jere suna aiki tare ba, ta ƙarshe tana ƙirga daƙiƙa. Sha'awa ta kama ta sosai. Ta ce za ta saya, amma da sharaɗi: duk shidan su kasance masu hatiminta. Kwana uku ta yi tana tone kwalayen Ostap, tana juya fitilu tana karanta bayansu, kafin ta haɗa shida, kuma ba ta ga ta bakwai ba. Ostap ya so ya ba ta kyauta albarkacin mahaifiyarsa, ta ce ita ba ta zo roƙo ba.

Da ya kawo mata gida ya kunna, sai ta ga wani abu da bai yi mata ba. Duk bayan 'yan mintoci lambobin sukan ruɗe, su yi ta gudu daga sifiri zuwa tara, sannan su koma kan lokaci.

"Wannan haukan fa?" in ji ta.

"Gwaggo, ki bar shi yana yi, yana da amfani. Ai shi ne ke…"

"Ni za ka koya wa fitila? Ina duba su kana cikin zanin goyo. Kashe mini shi, kada ya gajiyar mini da su a banza."

Ostap ba mutumin gardama ba ne, ballantana da ƙawar uwarsa. Ya danna maɓalli a baya, gudun ya tsaya.

To, mu mutanen nan mun san yadda ake riƙon abu mai daraja. Faranti mai kyau ba a cin abinci da shi, tawul mai kyau ba a goge jiki da shi, kabad mai gilashi ake sa su a yi ta kallo. Can agogon ya samu mazauni, tsakanin kofunan biki da hoton mijinta, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ɗinkin furanni. Kullum in ta ci abincin rana sai ta yaye ƙyallen da ƙarfe ɗaya, ta kunna, ta rage hasken iya ragewa, ta zauna tana saƙa tana satar kallonsa. Ƙarfe huɗu na cika ta zare fulogi. Da yake agogon na awa ashirin da huɗu ne, sha uku, sha huɗu da sha biyar kawai yake nunawa a wajen awa. Haka ta yi shekara takwas, ko mara lafiya ba a ba shi magani a kan lokaci haka.

Wata Talata da safe sai ga Yevdokiya, wadda kowa ke kira Dusiya, ta biyo daga asibitin haƙori. Ita ce mai hatimi lamba ashirin da uku, teburinta na kusa da na Raisa, kuma tun suna 'yan mata suke tsokanar juna ba wadda ta taɓa sarara wa wata. An taɓa dawo wa Dusiya da kwali guda a shekarar saba'in da tara, Raisa kuwa ba ta bari ta manta ba.

"Ina agogon da kika cika gari da labarinsa?" in ji Dusiya tun kafin ta cire kwat. "Ko shi ma sai an cika takarda kafin a gan shi?"

"Zauna dai, kada hasken ya kashe miki ido. Kin san ba ki saba ganin aiki mai kyau ba."

Raisa ta yaye ƙyalle ta kunna. Ƙarfe tara da minti goma ne, lokacin da agogon bai taɓa gani ba. Fitilu huɗun ƙarshe suka kama tas. Sifirin farko ya fito dabbare-dabbare, tarar da ke kusa da shi kuwa kanta kawai ya kama, jelar ta ƙi sam.

Dusiya ta sa tabarau, ta matso, ta leƙa bayan fitilar a hankali kamar mai karanta wasiƙa, sannan ta kira Raisa da sunan da ta saba kiranta. "Raya, taimaka mini, idona ya tsufa. Wannan lambar nawa ce? Ba dai ashirin da uku ba ko?"

Kunya ta lulluɓe Raisa. Ta zuba wa baƙuwarta shayi, ta tura mata kwanon zuma, amma ba ta ji rabin abin da take faɗa ba. Tambaya ɗaya ce ke yi mata yawo a ka: ashe ta taɓa buga hatimi a kan mara kyau? In biyu cikin shida sun fito haka, to nawa ne cikin dubban da suka tafi, waɗanda wataƙila masu su suka jefar kawai ba tare da sun dawo da su ba?

Da Dusiya ta tafi, ta ciro tsohon gilashinta daga akwatin ɗinki. Gilashin fitilun garau yake, babu farin hazon nan da ke nuna iska ta shiga. Wayoyin duk a liƙe suke. Sai ta yi abin da ta iya, ta riƙa tura lokacin gaba awa bayan awa, tana duba lambobin fitila ta biyu ɗaya-ɗaya tana rubutawa a bayan ambulan. Uku, huɗu da biyar lafiya lau. Shida ta ɗan dushe a gindi. Bakwai da takwas sun yi tabo, tara ta fi kowa lalacewa. A fitilar farko kuwa ɗaya ce kaɗai ke da lafiya.

A nan ne kunyar ta ja baya, mamaki ya shige gaba. Lambobin da ta yi shekara takwas tana ba wahala su ne garau, waɗanda ta hutar su ne suka kwanta ciwo. Ta juya abin ta nan, ta juya ta can, ya ƙi zama. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kwana biyu ta yi tana kai-komo tsakanin kicin da kabad, har miyarta ta kama a tukunya, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Ranar Juma'a ta naɗe agogon a bargo ta nufi tashar bas. Can ta tarar da Dusiya tana jira, don ita da kanta ta yi kuskuren gaya mata a waya.

"Na zo rakiya ne," in ji Dusiya. "Ba a barin mutum ya je karɓar mummunan labari shi kaɗai."

Ostap ya karɓe su a gareji, ya share musu benci. Raisa ta miƙa masa ambulan ɗin kafin agogon. Ya karanta, ya shafa sanƙonsa, ya tambaye ta yaushe take kunnawa. Ta gaya masa. Ya tambaya ko ta taɓa mai da gudun lambobin nan. Ta ce a'a, don me?

"Gwaggo, kada ki ji haushi."

"Na riga na ji. Faɗi."

"Duk lambar da ke ci tana fesar da ƙurar ƙarfe, siririya ƙwarai, ido ba ya ganinta. Ƙurar sai ta sauka a kan 'yan uwanta da ke kashe. In ana kunna su lokaci-lokaci, sai su ƙone ta su huta. In ba a kunnawa, sai ta yi ta taruwa har wuta ta kasa ratsawa. Rage hasken da kike yi ma ƙara abin yake. Gudun nan da kika kira hauka, wanka ne suke yi."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Na fara, Gwaggo."

Dusiya ta kwashe da dariya har da buga cinya. Raisa ba ta ko dube ta ba, hankalinta na kan fitilar. "Tsaya, ɗan nan. Kana nufin ranar da ta bar teburina…"

"Lafiyarta ƙalau. Da akwai aibu tun farko, da ba ta kai shekara arba'in tana kamawa ba. Ku a wurinku rabin minti kuke ganinsu, ina za ku san yadda suke tsufa?"

Ya zare fitilar ya ɗora a kan wata 'yar na'ura, ya ba tarar wuta fiye da ƙima. Tsofaffin biyu suka sunkuya kai da kai suna kallo, kamar yadda suka saba a da. Sannu a hankali jan ya fara gangarowa daga kan tarar zuwa jelarta, kaɗan-kaɗan, sai ka ƙura ido za ka ga yana motsi. Raisa ta manta da fushinta, ta yi ta jero tambayoyi: me ya sa daga sama yake farawa, ina ƙurar take tafiya, ko ɗaya fitilar za ta yi saurin warkewa. Har azahar suna nan. Sifirin ɗaya fitilar ya dawo sarai, bakwai da takwas ma haka. Tarar kuwa ta tsaya saura ɗan ƙarshen jela, Ostap ya ce wannan kam ya tafi ke nan.

"To, Raya," in ji Dusiya, muryarta ta ɗan sauka, "hatiminki ya fita. Ke ce dai ba ki fita ba. Garin neman gira kin rasa ido."

Raisa ta dubi guntuwar tarar. Daɗi ya cika ta don sunanta ya tsira, kuma a lokaci guda baƙin ciki ya kama ta, domin abin da hannunta bai ɓata ba a shekara goma sha tara na aiki, tattalinta ya ɓata shi a cikin kabad.

"Yanzu ya zan yi da shi?" ta tambaya.

"Hanya biyu ce," in ji Ostap yana mai da fitilar mazauninta. "Ko ki kashe shi gaba ɗaya ki ajiye, ya shekara ɗari ba abin da zai same shi. Ko ki bar shi a kunne daga safe har dare, da cikakken haskensa da gudunsa. Amma in kin zaɓi wannan, gaskiya za su ƙare. Shekara goma sha biyar, in an yi sa'a ashirin, sai su dushe. Kuma kin sani, ba ni da wata mai sha bakwai."

"Goma sha biyar," in ji Raisa. Ta dubi hannuwanta a kan bargon, ta dubi Dusiya da ke faman gyara sabbin haƙoranta, sai dariya ta kuɓuce mata, ƙwalla na biye. "Wai ni mai saba'in da huɗu nake yi wa abu tattalin shekara ɗari! Danna masa maɓallin, Ostap. A kicin zan ajiye shi, kusa da tukunyar shayi. Ni da shi sai mu ga wanda zai riga wani."

Ostap ya danna. Lambobin suka ruɗe da gudu, su shida a tare, ita kuma ta matso da benci don ta gani da kyau.