Jitar Sodangi a Cikin Gero

Yayana Sodangi manomi ne, kamar ubanmu, kamar kowa a ƙauyenmu da ke can bayan Gatawa. Da damina gero da dawa, da rani kuma ya ɗaura kaya a babur ya haura Maraɗi, ya kai busasshen barkono ya dawo da dabino da taliya. Da a nan ya tsaya, da ni Saude ba ni da labarin da zan ba kowa. Amma wata shekara, tun ina budurwa, ya tafi da rago zai sayar, ya dawo ba rago ba abin rago, sai wata tsohuwar jita ɗaure a bayansa. Wani Buzu direba ne suka yi musaya da shi a tasha. Innarmu ta dubi jitar, ta dubi ɗanta, ta ce, "Wagga aba za mu yankawa da Layya?"

Ba abin kallo ba ce, gaskiya. Fentinta ya koɗe, inda hannu ke goga ya yi fari, ga tsaga a gefen cikinta da aka liƙe da ƙaro. Ya sa mata suna Tsohuwa. Mu ba gidan makaɗa ba ne, kuma bai taɓa bin kowa da roƙo ba. Shi dai in an yi la'asar ya zauna ƙofar zaure ya ɗora ta a cinya, masu dawowa daga gona su rage tafiya. Malamin unguwarmu ya yi ta faɗa har ya gaji, daga baya shi ma tabarmarsa ta riƙa matsowa kusa da katangarmu.

Hidimar Tsohuwa kuwa ta fi ta mai jego. Da bazara, in ya gama kiɗa, sai ya sassauta wayoyin nan shida, wai zafi da ɗaurin waya su ke lanƙwasa wuyan jita. Da damina ya naɗe ta a tsohon zane don kada sanyi ya shige ta. In siririyar waya ta tsinke, ba ya jiran sai ya je birni; wayar birkin babur yake warwarewa ya zare sili ɗaya, ya goge da toka har ya yi sumul. Duk Juma'a ya ɗiga man gyaɗa a tsumma ya shafe wuyan. Matarsa Hajjo takan miƙo ƙafa ta ce, "Malam, ga kaushi nan shi ma yana gaisuwa." Babbar dokar dai ita ce Tsohuwa ba ta taɓa ƙasa, ba ta jingina da bango. Igiya ya zuro daga azara, a nan take reto tsakiyar ɗaki, saboda gara. Garar ƙasarmu ba ta da kunya, in ka ajiye takalmi ka yi tafiya sai ka tarar da rabinsa.

Yatsun hannunsa na hagu sun yi kanta saboda danna waya, har sun daina jin zafi. Bayan mijina ya rasu na dawo gidan yayan nawa da zama, in wutata ta mutu sai ya je murhun Hajjo ya ɗauko garwashi da yatsu, ya taho yana tafiyar isa, ya jefa mini a murhu. In ce, "Yaya, da hagu aka ba mutum abu?" Ya ce, "To amshi da dama in ke iya."

Abokin gardamarsa Faruk ne, wani matashi mai aski daga Isa, wanda ya sayi jitar lantarki ja mai sheƙi, da sifika da batirin mota. Ranar kasuwar Sabon Birni sukan haɗu a rumfar da ke kusa da inda nake sayar da ƙuli-ƙuli, don haka ba abin da ya wuce ni.

"Malam Sodangi," in ji Faruk, "tawa in ta yi magana, har Kamarawa ana ji."

"Ciro mata batir mu ji," in ji Sodangi. "Taka ba ta da ciki, Faruku. Allo na, an yi mai kwalliya. Tsohuwa da cikinta taka magana."

"Cikin da an ka liƙe da ƙaro?"

"Shi fa. Kai ma in ka kai shekarunta sai an liƙe ka."

Haka suke yi har kasuwa ta watse, ba wanda ya taɓa sauka. Amma in jitar Faruk ta fara ƙarya, wurin Sodangi yake kawo ta a daidaita masa, yana zaginta yana gyarawa.

Sai mutanen daji suka zo mana. Ba zan tsaya lissafin abin da suka yi ba, wanda ya sani ya sani. Ranar da hayaƙin ƙauyen da ke gabas da mu ya tashi da hantsi, kowa ya fara ɗaurin kaya. A lokacin kuwa duk namijin da aka hango a hanya da dogon abu naɗe a bayansa, ba a tsayawa tambayarsa mene ne. Na daji za su ce bindiga ce, masu tsaron gari ma haka. Na ce masa, "Yaya, ba ni ita in goya, in ruhe da mayafi."

"Wuyan za shi hito saman kanki," ya ce. "Ba ni sa a harbe ki don itace."

Ya zaga gidan da ita a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Ɗaki za a iya ƙonewa, rami kuwa mai gara ne. Sai idonsa ya faɗa kan rumbu. Namu na ƙasa ne, irin wanda muke ce wa ruhewa, zaune a kan duwatsu, da jinka a kansa. Tun kakanni a cikin hatsi muke ɓoye abin da muke ji da shi, awarwaron innarmu ma a nan ya sha kwana. Gero busasshe ne, ba ya barin laima, kuma ɓarawo mai sauri ba ya tona shi har ƙasa. Sodangi ya hau tsani, ya fidda dammuna, ya sassauta wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ta a zanenta, ya kwantar da ita a tsakiya ya mayar da gero a kai. Ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun, ya daidaita jinka.

"Kwana biyu za mu yi," ya ce. "Ta huta."

Abin da bai tsaya ya tuna ba, aikina ne. Kullum da safe, kafin in hura wuta, nakan zaga duwatsun nan da guntun ruwan fartanya in kankare hanyar da gara ta fara ginawa, in barbaɗa toka. Maza ba sa ganin wannan aiki, su dai sun san rumbu ba ya cin gara. Na buɗe baki zan faɗa, na ji ana kiran a taho, sai na ɗauki ƙullina.

A Sabon Birni wani ɗan uwa ya ba mu shagon da bai gama ginawa ba. Kwana biyu suka zama wata, wata ya zama damina. Hajjo ta kwashi yara ta ƙetara wurin danginta a Gidan Runji, ta yi ta aiko masa ya biyo su. Ya ƙi. Ya ce can ya yi nisa da gida. Ni na san gidan da yake nufi bai fi faɗin tabarma ba. Babur ya tafi a cikin abinci, fataucin ya mutu, ya koma dako a kasuwa, mutumin da bai taɓa ganin ƙasan rumbunsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne katakon nan. Ya samo wani guntun katako, ya kafa masa ƙusoshi, ya ɗaura wayoyin birki. Ba ya ƙara ko kaɗan. In an yi la'asar sai ya ɗora shi a cinya yana danna wayoyin, kansa na kaɗawa, shi kaɗai ke jin abin da yake ji. Na ce, "Mi kaka yi haka awa wanda ya taɓu?" Ya ce, "Kanta nika riƙo. In yatsu sun ka yi laushi, ran da mun ka koma da mi za ni taɓa ta?"

Faruk ya zo duba mu da jitarsa a buhu, an kwance mata wuya don hanya. Biki da kiɗa sun ƙare a ƙasar, ya sayar da batir da sifika. Ya haɗa ta ya miƙa, ya ce, "Riƙe ta hannunka, Malam, har Allah shi kawo sauƙi." Sodangi ya taɓa ta kaɗan. Ba wuta, sai wani ɗan siririn sauti kamar kukan sauro. Na zaci zai yi masa tsiyar da ya saba. Sai ya miƙa masa abarsa da hannu biyu ya ce, "Na gode. Ina da tawa, tana jirana."

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, wa ka kankare duwatsun ruhewa yanzu?" Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun ina yarinya. Ban sake ba. Na riƙa kallonsa yana danna katako, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina jin haushin kaina da na sani.

Bayan wata daminar ta sake wucewa aka ce ana iya leƙa ƙauye da rana a dawo. Muka bi mota zuwa Gatawa, muka ƙarasa da ƙafa. Gidanmu ba ƙofa ko ɗaya, ɗakuna sun rufta, tafasa ta cinye tsakar gida. Amma rumbu na tsaye, bakinsa a liƙe yadda ya bar shi, har da shaidar tafinsa a jikin lakar. Sodangi ya yi dariya, irin wadda na manta yana da ita. "Kin gani, Saude? Ba su taɓa ba!"

Ni duwatsu na duba. Hanyoyin gara sun hau su ta kowane gefe, jajaye, wasu sun kai kaurin damtse. Jinka kuwa ta zame tana ƙasa ta ruɓe.

Ya hau, ya fasa lakar da dutse. Ba gero a ciki, sai jar ƙasa mai ɗumi da ƙaiƙayi. Ya shiga yana tonawa da hannu, ni ina kan guntuwar katanga ina leƙe. Ya ci karo da yagaggen zane, ya share a hankali, sai ga fuskar Tsohuwa: fentin nan da ya koɗe, farin wurin hannu, har ƙaron gefe. Ya ɗago kai ya ce, "Ga ta lahiya lau."

Ya kama wuyan zai ɗaga. Wuyan ya taho a hannunsa, cikin ya zauna inda yake, ya burme. Gara ta cinye itacen ta ciki ta bar fatar fenti kawai, ta cika wurin da ƙasa. Fararen 'ya'yan gara suna ta gudu a kan yatsunsa. Wuyan ma da ya ƙara riƙo sai ya marmashe, wayoyi shida suka rage suna lilo a hannunsa da ƙarafunan ɗaurinsu.

Ya daɗe a tsugune. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Na dai sassauta mata waya."

Na yi kuka a kan katangar nan, na tsine wa gara, na tsine wa waɗanda suka kore mu suka ba ta gida. Shi bai zubar da hawaye ba. Ya naɗe wayoyin ya sa a aljihu, muka kama hanya don kada yamma ta same mu.

Washegari da kansa ya miƙo mini katakon ya ce in sa a wuta. Faruk ya zo ya ce akwai kafinta a Maraɗi da zai iya sassaƙa sabon ciki a ɗaura wayoyin. Sodangi ya ce, "Wanga ciki wa za shi sani?" Har yau yana Sabon Birni yana dako. Bai bi Hajjo ba, bai koma ƙauye ba, in an yi la'asar sai ya zauna ya zuba hannuwa a cinya.

Kwanan baya wutata ta mutu ina tsakiyar tuƙa tuwo. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Yaya, ɗebo min wuta wurin maƙwabta." Ya tashi ya je murhunsu, ya sa yatsun hagu ya ɗauki garwashi kamar da. Taku ɗaya ya yi ya yar da shi. Ya tsaya yana kallon yatsun, sun yi ja, sun fara tashi.

"Saude," ya ce, "da zahi."