Gadon Bayan Ni'imat

Mijina Usta Yadullahi bai iya zana fuska ba, kuma kaf unguwarmu a Shiraz an san haka. In ya zana mutum ta gaba, sai ka ga idanu zuru-zuru kamar na ɓera a buta. Amma a ba shi gadon baya, sai ka sha kallo. Yakan ce fuska tana ƙarya, baya kuwa ba ya yi. Ni kuma in ce, "Uhm, in mutum bai iya rawa ba sai ya ce ganga ce ba daɗi."

Aikinsa zane a kan tayil, wanda ake gasawa a tanderu a manna a bango. Wurin kakansa ya gada, wanda ya cika bangon zauren makoki na unguwarmu da hoton masu dukan kai: maza a jere ranar Ashura, riguna a buɗe ta baya, kowa da damin 'yan sarƙoƙi yana sauke wa kafaɗarsa don juyayin Imam Husaini. Usta yakan zauna gaban bangon nan da hantsi har shayinsa ya huce. Wai in ka daɗe kana kallo za ka ji ƙarar sarƙar. Ni dai kukan tattabaru nake ji. Sai dai ba zan ɓoye ba, in hasken taga ya bi ta kan ƙurar zauren, nakan ga kamar kafaɗun suna ɗagawa suna sauka a hankali, kamar numfashin mai barci.

Shekarar da annoba ta ratsa gari, ta tafi da Ni'imat mai sayar da ruwa, ɗa ɗaya tilo ga Bibi Khawar. Ba ta da hotonsa ko ɗaya, ga idonta yana dushewa kullum. Ana saura kaɗan Muharram ya kama ta shigo mana tana laluben ƙofa.

"Usta, an ce za ka cike gurbin tayil ɗin da ya faɗo daga bangon zaure. Ka sa mini Ni'imat a ciki. Ina so in gan shi kafin idon nan ya rufe."

Na ce, "Wayyo Bibi, fuska kike nema a wurin wannan? Sai ya zana miki tunkiya."

"Rufa mini baki, Gauhar," in ji Usta. "Bibi, shekara da shekaru a bayansa nake tsayawa a sahun Ashura. Na san bayan yaron nan fiye da tafin hannuna."

Ya kuwa san shi. Kafaɗar hagu ta ɗan sauka saboda nauyin salka, wuyan dogo, da wani baƙin tabo a ƙasan ƙeya. Ya zana shi yana ɗaga sarƙa, sannan ya bi bayan da jan launi, layi a kan layi, yadda al'ada ta ce, don a bangon nan babu bayan da ba shi da shaidar duka. Shaidar ita ce darajar mutum. Ina kallonsa yana yi yana share hawaye da gefen hannu, ni ma na kasa tsokanarsa.

To, ja launi ne mai wuyar sha'ani. In wuta ta yi masa yawa sai ya gudu, ya bar wurin fes. Usta ya san wannan tun yana rarrafe. Amma ranar gashin, da azahar, ya zauna bakin tanderu yana kallon harshen wuta, ya tafi can wata duniya. Daga baya ya ce mini ya ga Ni'imat yana tafe cikin lambun rumman, salka a kafaɗa, yana ba tsuntsaye ruwa. Yana wannan kallo hannunsa yana ta tura itace.

Da tanderu ya huce aka buɗe, komai ya fito da kyau, shuɗin sama, baƙin riguna, sarƙar tana ƙyalli. Jan ne kawai babu. Bayan Ni'imat sumul, kamar ba a taɓa dukansa ba.

Usta ya zauna daɓas. "Na yi wa yaron nan kisa na biyu, Gauhar. Za a ce bai yi wa Imam komai ba."

Ba lokacin sake wani, Muharram ya riga ya shigo, idon Bibi kuma ba ya jira. Haka aka manna shi a tsakiyar jajayen bayan mutanen kakansa, shi kaɗai fari tas. Mijina ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci.

Ni na riƙo hannun Bibi Khawar na kai ta. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bango. Ta daɗe. Sai ta ɗora yatsa a kan tabon ƙeyar, ta gangaro da tafinta a kan kafaɗar hagu, a hankali.

"Shi ne," ta ce. "Ga kafaɗar salka."

"Bibi, ki yafe mini," in ji Usta daga nesa. "Wuta ta cinye jan. Bayan Ashura zan sake."

"Ka sake me? Kul, kada ka taɓa mini shi! Kowace shekara ni ke shafa masa mai a bayan nan. Kafin ya kame, igiyar salka ta fama shi. Tun da ya fara shiga sahu ban taɓa ganin bayansa a warke ba."

Ta laluba cikin mayafinta ta fiddo 'yar kwalbar man zaitun, wadda ta saba tanada duk Muharram. Ta juya ta a hannu, sannan ta miƙo mini.

"Riƙe, Gauhar, ki yi miya da shi. Yarona ya warke."