Irin geron Baba Barau

Yau na ga wani a waya yana yanka ranar tashin duniya, sai na tuna Baba Barau.

Zamanin da kuɗin fetur ke yawo, ina jan babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi. Muna tsaye a bodar Jibiya, ruwan shuka ya riga ya sauka, sai ga shi a ƙafa daga Nijar da ɗan ƙullin gero. Manomi ne, Kirista, mutumin Gangara, abokin babana.

Na ce, "Baba, kai da ake zuwa rumbunka neman iri?"

Ya ce, "Wani mai wa'azi a ƙauyen gabanmu ya ce Yesu zai dawo kafin damina. Na sa aka dake irin, muka sha fura da maƙwabta. Wannan wurin surukina na roƙo. Littafi ya ce ba wanda ya san ranar, ni ne ban ji ba."

"Shi mai wa'azin fa?"

"Na biyo ta gonarsa. Geronsa har ya tsiro."

Tun daga nan, duk mai yanka rana gonarsa nake fara dubawa. Ku me kuke dubawa?