Igiyar Guga da Kifin Teku

Shekarar da aka hana mu acaɓa a Legas, na sayar da babur ɗina na je na tsaya a wani shagon kayan kamun kifi kusa da bakin teku, ina kallon abubuwan da ban san kansu ba. Wani dattijo mai jirgin kamun kifi, wanda na daɗe ina kai shi kasuwa, ya ce zai gwada ni mako guda, amma in zo da sandata ta fatsa da abin naɗe igiyata. In na iya, na samu wuri a jirginsa. In na kasa, sai in koma gida hannu rabbana, ga mata da 'ya'ya huɗu suna jiran abin da zan aiko. Ina nan tsaye sai Iya Dije ta faɗo mini a rai.

Iya Dije kakata ce, mahaifiyar babana. 'Yar masunta ce daga wani gari na bakin kogi, aure ya kawo ta ƙauyenmu na gefen Ɗambatta, inda gona take jingine da gona, ba ka da inda za ka jefa dutse bai faɗa a shukar wani ba. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na kududdufin da ake kwaɓa ƙasar gini. Wannan abu ya tsaya mata a rai har tsufanta. Takan ce an kawo ta cikin mutanen da in suka ga kwaɗo sai su tambaya ko ana yanka shi.

Da kaka, in an ci tuwo kafin a kira sallar isha, mukan kewaye murhunta mu jikoki. Karan dawa ya gama ci, sai jan garwashi, ita kuma ta binne gyaɗa a toka tana juyawa da tsinke. Ba ta fara labari sai ta ga kowa ya samu rabonsa, don ta ce mai yunwa ba ya jin magana. Ni take fara tsokana, tana kirana maigida, tana cewa ta gaji da auren mijin da ko kifi ɗaya bai taɓa kawo mata ba. Sannan ta share hannu a zaninta ta ce, "To, ga wata na kamo muku, ku riƙe ta kada ta zille." Mu kuma mu ce mun riƙe.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Ɗan Tudu, wani manomi da fari ya kore shi daga gonarsa ya tafi kogi neman abinci. Ya sami wani tsohon masunci ya roƙe shi ya koya masa su. Tsohon ya ajiye masa igiya biyu ya ce ya zaɓa. Ɗaya kakkaura ce ta rama, gajeriya, irin ta guga. Ɗayar siririya ce kamar zaren ɗinki, amma doguwa, an nannaɗe ta a jikin wani ɗan gora. Ɗan Tudu ya yi dariya ya ɗauki kakkaurar, ya ce shi da ya ja ruwa a rijiya mai gaba ashirin ba za a raina shi da zare ba. Ya ɗaura ƙugiya a baki ɗaya, ɗaya bakin kuma ya ƙulle a mazagin wandonsa don kada kifi ya gudu.

A nan Iya takan tsaya ta fasa gyaɗa a hankali, da gangan, sai mun fara roƙonta. Giwan ruwa ya haɗiye ƙugiya ya ja, Ɗan Tudu ya kafe ƙafa ya ja, kifi ya ƙara ja, sai ga manomi tsundum a cikin kogi. Da kyar ya fito, kifi ya tafi da igiya da wando. Mu kuwa mu yi ta birgima a tabarma don dariya.

Washegari tsohon ya miƙa masa siririyar ya ce in kifi ya ja, ya bar goran ya yi ta juyawa. Ƙarshen labarin kuwa ya danganta da halinmu na ranar. In mun ɗebo mata ruwa ba gardama, sai Ɗan Tudu ya yi haƙuri tun hantsi har la'asar, kifi ya gaji ya jawo shi. In mun yi mata ƙiwuya, sai ya kasa daurewa ya damƙe zaren ya tsinke, ya koma gida da yunwarsa. Na taɓa yi mata musu, na ce ai igiya mai ƙarfi ta fi. Ta dube ni ta ce:

"Maigida, guga ba shi da rai, shi ya sa kake jansa yadda ka ga dama. Kifi kuwa shi ma gida yake son komawa. In ya ja, ka ba shi. Sai ya gaji sannan ka karɓa."

Ban ɗauki maganar komai ba. Ina cikin masu yi wa Ɗan Tudu dariya, ban taɓa zaton wata rana ni ne shi ba.

Bayan rasuwar babana aka raba gona tsakaninmu mu tara, na samu wani ɗan tsiri da ba ya ciyar da gida wata uku. Shi ya tura ni kudu, shi ne kuma ya kai ni gaban wannan shago. Abin naɗe igiyar da ake magana wani ƙarfe ne mai hannu da ake ɗaura wa sanda, can suna ce masa ril. Mai jirgin ya gaya mini aiki biyu zai yi: a jawo fatsa a bayan jirgi yana tafiya, a kuma saki igiya da dalma ta nutse har ƙasan ruwa.

Mai shago ya ga baƙo, sai ya miƙo mini wani ƙato mai sheƙi, ya ce in ya kulle ko bijimin sa ba zai motsa shi ba. Wallahi raina ya biya, har na rungume shi. Shi ne daidai da abin da hannuna ya saba da shi tun ina yaro a bakin rijiya. Sai na ji kamar ana fasa gyaɗa a gefena. Na ajiye shi, na tambaya ko akwai wanda ke sakin igiya in an ja da ƙarfi. Mutumin ya sake dubana, ya jawo wani daga ƙasan kanta, mara kyan gani, ya ce wannan yana cin igiya mai tsawo, gishiri ba ya saurin cinsa, kuma birkinsa a hankali yake saki. Na ja bakin igiyar da hannuna na ji tana fita sumul, ba fizga ba tsayawa. Shi na ɗauka.

Kwana uku ina amai a jirgi ban kama komai ba, mai jirgin ya daina yi mini magana. A rana ta huɗu muna tafe sai sandata ta lanƙwashe, igiya ta fara gudu. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya damƙe ta, ta yanka mini tafi, har yau tabon yana nan. Zafin ne ya dawo da ni hayyacina. Na saki, na zauna ina kallon igiyata tana tafiya cikin ruwan da ba na ganin ƙarshensa, zuciyata tana cewa abincin 'ya'yana ne ke tafiya. Da ta lafa na naɗa, da kifin ya sake ja na sake ba shi. Haka muka yi ta yi har ya taso a gefen jirgi, tsawonsa ya kusa kai ƙirjina. Dattijon ya taimaka mini muka ɗago shi, ya ce gobe in zo da wuri, kuma in daina cin abinci mai maiƙo kafin mu fita.

Iya Dije ta rasu tun kafin in san hanyar Legas. Ba ta da gona, ba ta da akuya, da aka zo rabon kayanta tukwane ne da tabarmi, mata suka kwashe. Mun ɗauka ba ta bar wa jikoki maza komai ba. Yanzu in na tuna ina jin kunya, ina kuma jin kewarta sosai. Shekara da shekaru tana zaune cikin manoma tana koya mana sana'ar gidansu, mu muna zaton wasa take yi da mu. Gonar da na gada tana nan, ƙanena yake noma ta. Abin da 'ya'yana suke ci yau kuwa tsohuwar nan ce ta ba ni a bakin murhu, ni da ban taɓa kai mata ko kifi ɗaya ba.