Gidan Sanusi da Ya Ƙi Rabuwa

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanina Sanusi, kuma har yau gidan da ya gina a Tudun Wadar Gusau bai bar ni na huta ba. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Shi ya tafi, taurin kan kuwa ya bar min shi a tsaye cikin katako.

Ma'aikacin ruwa ne. Wata shekara aka tura shi kwas na 'yan watanni a ƙasar Japan, muka zauna muna jiran tsarabar rediyo da agogo. Sai ga shi da littafi cike da zanen gidaje. Wai can a bakin ƙofa ake cire takalmi, a zauna ƙasa, a kwanta ƙasa, da safe a naɗe shimfiɗa a ɓoye, girman ɗaki ma da yawan tabarmin da yake ci ake faɗinsa. Innarmu ta saurare shi tsaf, sannan ta ce ashe talaucin da muka baro a Bungudu shi ya hau jirgi ya je ya ɗauko.

Bai yi musu ba, gini ya fara. Bangon waje na bulo ne, amma a ciki, ban da kicin da banɗaki, babu bango ko ɗaya. Ƙofofi ne marasa nauyi na katako da asabari, waɗanda ake zamewa gefe. Asabarin a Tsafe ya sa aka saƙa, kafinta kuwa daga Bungudu ya ɗauko, bawan Allah ya yi wata uku yana rantsuwa ba zai ƙara karɓar aikin ɗan boko ba. Rufin ya zarce har ya lulluɓe baranda, tsakar gida tsakuwa ce da bishiyar lemo guda. Ranar da na fara zuwa na tura ƙofa ta ƙi, na sa kafaɗa, na karya ta. Na ce masa wannan ba gida ba ne, akwatin ashana ne. Amma in faɗi gaskiya, ko a tsakiyar bazara gidan da sanyi, kuma ranar sunan autarsa da aka zame ƙofofin duka, mata sun zauna a sake ba tare da an kafa rumfa ba.

Wahalar ta fito ne bayan ya rasu. Ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya uku, maza biyu da mace. Malamin da muka kira rabon gado ya shiga ya ƙirga ɗakuna biyar. Rabi ta zame ƙofa biyu don iska ta shigo, suka koma uku. Ya tambaya shin gidan nan ɗaki nawa ne. Ya ce ko a sayar, ko a ja bango kowa ya san nasa. Rabi ta ce sai dai a sayar da ita kanta tukuna. Da yake yaran ƙanana ne, aka jingine maganar, aka ɗora min riƙon amana. Shekara tara ina fama da gara, ina neman masaƙin asabari, hanyar Tsafe kuma yanzu ba kullum mutum ke son bin ta ba. Na gaji, wallahi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda zamani ya juyo. Yau ka zaga sababbin unguwannin Gusau, ga gidaje masu ƙofar gilashi mai zamewa, ga falo fayau babu tarkace, ga tsakuwa an zuba gaban gida, matasa na nuna wa magina hoto a waya suna cewa salon Japan suke so. Waɗanda suka yi wa Sanusi dariya, har da ni, su ne 'ya'yansu ke kwaikwayo. Da yana nan, ina jin murmushi kawai zai yi, ya ƙwanƙwasa bangon cikin gidajen ya ce sun ɗauki riga sun bar mai ita. Shi ba ado ya gani a can ba. Yakan ce gida ya kamata ya riƙa buɗewa da rufewa yadda iyali ke ƙaruwa da raguwa.

To, iyalin sun ƙaru. Kabiru, babban ɗansa, zai yi aure bayan Sallah, kuma yana son kasonsa da bangon bulo. Na yi ta kwana-kwana, na ce ya jira, na ce ya kama haya, har na ce masa bai san darajar ubansa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baffa, mu a ciki muka tashi, mun saba. 'Yar mutane fa? In ta yi tari surukarta ta ji, in ta yi kuka ƙanina ya ji. Baba don mu ya gina, ba don a riƙa zuwa kallo ba."

Na dubi Rabi ko za ta taimake ni, ta sunkuyar da kai ta ce yaron yana da gaskiya, kuma hakkinsa ne.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya rage na Sanusi in aka ja bangon nan. Na ɗauka katakon ne, shi ya sa na riƙe shi har na kusa danne hakkin maraya. Amma ga yara uku da suka girma a inda kowa ke jin motsin kowa, sun iya sassauta murya, sun iya kauda kai, sun san damuwar wani tun bai faɗa ba. Yaron da ya tuna da kunyar matar da ko shigowa ba ta yi ba, a gidan nan ya koyi haka.

Ranar Asabar da ta wuce aka kawo bulo. Ni na riƙe wa magini igiya ya ja layi. Allah Ya jiƙanka, Sanusi, ka yafe min.